Ɓawon Ƙwai a Tukunyar Barkono

Shekara huɗu Kinanti ta yi tana kiwon korayen mesa a ɗakin bayan gidansu da ke garin Salatiga, kuma a shekarun nan babu bikin da za ta je ba a tambaye ta ba ko don gadin macizai aka kai ta jami'a. Sai ta gyara zaman tabarau ta ce ƙwarai, da sakamako mai kyau ma ta fito.

Bana babbar mesarta ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha bakwai, rawaya kamar nunanniyar ayaba, don sai sun girma suke zama kore. Dokar hukumar namun daji kuwa ba ta da kwana: duk ɗan mesar da ka ce a gidanka ya fito, ba daga daji aka kamo shi ba, sai ka nuna ɓawon ƙwansa. In ɓawo ya gaza ko da ɗaya ne, a kwashe 'ya'yan, a soke takardar izini. Shi ya sa Kinanti ta rubuta wa kowane ƙwai lamba, da suka fashe ta shanya ɓawon ta adana a gwangwanin biskit.

Ranar da jami'i zai zo ƙirga, ta buɗe gwangwanin ta tarar da zare da maɓallai.

"Bu! Ina ɓawon da ke cikin nan?"

Mahaifiyarta, Bu Darmi, tana soya tempe, wato wainar waken soya, ko juyowa ba ta yi ba. "Wannan mai kama da tsohuwar fata? Na ba barkonona. Ɓawon ƙwai ai taki ne, Nduk 'yata, ke da kika yi karatu. Ya ma ƙi dakuwa, haka na binne shi."

"Tun yaushe?"

"Sati uku. Ba ki ga yadda suka yi shar ba?"

Kafin Kinanti ta sami bakin magana sai ga ƙarar babur. Pak Sugeng ne, jami'in da ya zo duba kejin sati biyu da suka wuce, wanda Bu Darmi ta cika wa babur da tsaraba kamar yadda take yi wa kowane baƙo. Yau da 'yan buhunan kwasar macizai ya zo. Ya saurari bayani yana murmushi.

"Mbak Kinanti, kullum sai na ji labari. Wani ya ce kare ya cinye masa, wani ya ce ruwa ya tafi da nasa. Barkono dai yau na fara ji."

"Ni ba labari zan ba ka ba, Pak. Zauna ka sha shayi."

Ta naɗe hannun riga, ta ɗauko cokalin miya, ta durƙusa gaban tukwanen barkonon da ke jere a tsakar gida. Arba'in ne cif. Duk wadda ta tona, Bu Darmi sai ta dafe ƙirji.

"Ban da wannan! Ta fara fure!"

"Da ita zan fara, Bu."

Rana ta take. Tururuwa suka hau mata hannu, ta manta ta share gumi da yatsun da suka taɓa barkono, idonta ya kaɗa ya yi jawur. Maƙwabta suka jeru a katanga, wata ta ce ashe a jami'a har tonon ƙasa ake koyarwa. Kinanti ba ta ɗaga kai ba. Ɓawon ƙwan mesa ba ya ruɓewa da wuri. Tana zaro shi ta wanke, lambar ta fito, ta ajiye a faranti gaban Pak Sugeng. Ya sha shayi kofi uku, ya cinye tempe, ya daina murmushi.

Ta juye tukunya ta ƙarshe. Ɓawo goma sha shida. Babu lamba tara.

Pak Sugeng ya sauke numfashi ya jawo buhu. "Na ga ƙoƙarinki, Mbak, wallahi. Amma takarda goma sha bakwai ta ce."

Kinanti ta tsaya a ƙofar ɗakin macizan, ƙasa har gwiwar hannu. Ba ta roƙe shi ba. Ta juya ga mahaifiyarta. "Bu, tukunya nawa kika shuka?"

"Arba'in da ɗaya."

"Ina ɗayar?"

"Kyauta na yi wa baƙo. Mai kyaun cikinsu ma na zaɓa." Bu Darmi ta nuna Pak Sugeng da cokalin suya. "Ga shi nan zaune. Pak, ta yi 'ya'ya kuwa?"

Katanga ta ɗauki dariya. Pak Sugeng ya dubi buhun hannunsa, ya dubi Kinanti, ya zaro waya ya kira matarsa. Kowa ya ji muryarta tana cewa barkonon da ya fara ja za ta tone? Ya ce ta yi haƙuri, aikin gwamnati ne. Bayan ɗan lokaci hoto ya shigo: ɓawo a tafin hannu, da lamba tara a jikinsa.

Ya buga hatimi a takardar. Kinanti ta karɓa da yatsu biyu don kada ta ɓata ta, ta ɗaga sama yadda na katanga za su gani da kyau, sannan ta miƙa masa cokalin miya.

"Tukunya arba'in ne, Pak. Ni na tone, kai da Bu sai ku mayar."