Rabin Tebur da Kibod Mara Haruffa

Tebur ɗaya ne a gidan yake samun hasken taga, kuma tun da suka yi ritaya Hedimasta da matarsa suka raba shi biyu, kamar ƙasashen da suka gaji da yaƙi. Dama tasa ce: littattafai, gilashin karatu, kofin shayi. Hagu tata ce, kuma abu ɗaya ne a kai, wata tsohuwar laftof baƙa mai kaurin ƙamus, wadda ofishin da ta yi wa aikin buga takardu ya sallame su tare. Sharaɗin sulhun guda ne: kofi ba ya tsallake tsagar da ke tsakiyar katakon. Ranar da ya tsallake, Hedimasta zai kwashe littattafansa ya koma kujerar bakin ƙofa, inda haske ba ya zuwa sai ya yi ɓatan hanya.

Laftof ɗin ba ta da kalmar sirri, ba ta ma buƙata. Yatsun uwargida sun cinye haruffan kibod ɗin tas, maɓallan sun koma baƙaƙe sumul. Ita ba ta kallonsu in tana rubutu. Shi kuwa da yatsa ɗaya yake bugu, yana farautar harafi kamar kaza a kan tsaba, don haka na'urar a wurinsa gida ne da aka cire wa ƙofa aka shafe da siminti. Ga ta da nawa wajen tashi. Uwargida kan danna maɓalli ta wuce kicin, ta dafa musu shayi, ta dawo ta tarar da ita tana gama hamma. Ta nan Hedimasta yake samun shayin safe, shi kuma ya ɗauka soyayya ce.

Sai 'yarsu ta kwanta rashin lafiya, uwargida ta tafi jinya. Hedimasta ya yi abin da kowace ƙasa ke yi in maƙwabciyarta ta juya baya: ya faɗaɗa iyaka. Ya buɗe laftof ɗin ya jingina littafi a jikin gilashinta, ya ajiye kofi a ƙasar da ba tasa ba. Littafin na tarihin faɗuwar wata daula ne, kuma ya cika alkawarin sunansa. Ya zame, ya ture kofin, shayi mai madara da sukari ya bi tsakanin maɓallai ya ɓace.

Mai gyaran da ya sani ɗaya ne, ƙanin matarsa, wanda 'yan layin masu gyara ke kira Likita. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matattakalar bene, yana warin dalma da ƙura. A bango akwai kanta cike da matattun laftof a jere kamar littattafai. Ita yake kira mutuware, wato ɗakin ajiye gawa.

Likita ya shinshina kibod ɗin, ya ɗago.

"Sukari cokali nawa, Malam?"

"Ba hira na zo ba."

"Ta Yaya ce fa. Ka san hukuncin?"

"Ni na sa hannu a dokar. Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

Likita ya kwance sukurori ya ɗaga kibod ɗin. An yi sa'a, mutanen da suka ƙera irin waɗannan na'urori sun san akwai mazaje a duniya, sun sa faranti a ƙasa mai tare ruwa. Cikin lafiya lau. Kibod ɗin ne dai ya mutu, maɓallan suna mannewa kamar alewa.

"Sai a ɗauko wani a can," in ji Hedimasta, yana nuna kantar. "Ga irinta nan har uku."

"A fuska irinta ne. Kai da ɗan'uwanka ma kuna kama, amma haƙoransa ba za su shiga bakinka ba."

Ta farko ya buɗe: ɗamarar da ke haɗa kibod da uwar na'ura ta fi faɗi, domin a tsakiyar wata shekara masu ƙerawa sun canza ta ba tare da sun canza sunan da ke kan murfi ba. Ta biyu mai babban gilashi ce, ramukan sukurorinta sun kauce da faɗin farce. Kibod ɗin ta ukun ya zauna daram, kamar can aka haife shi. Matsalarsa ɗaya: mai laftof ɗin ya mutu ko ya gaji tun tana sabuwa. Haruffa fes, farare, kowanne yana ihun sunansa.

Suka tsaya suna kallonsa.

"Daga bakin ƙofa za ta hango wannan," in ji Hedimasta.

"To mu tsufar da shi."

Likita ya yago samfefa mai laushi ya raba biyu. Suka zauna gwiwa da gwiwa, tsohon shugaban makaranta da ƙanin matarsa, suna goge haruffa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cusa wa yara haruffa a kai, yau ga shi yana kankare su da hannunsa, kuma, abin takaici, wannan aikin ya fi saurin nuna sakamako. A layin tsakiya ya ji wasu 'yan ƙuraje biyu, ɗaya a kan wani maɓalli ta hagu, ɗaya ta dama.

"Nan akwai aibi."

"Kuskuren masana'anta ne," in ji Likita, wanda shi ma da yatsu biyu yake bugu. "Share su."

Ya share su har suka yi santsi. Likita ya bi da ɗan man gashinsa don a samu ƙyallin tsufa. Ko uwar da ta haifi kibod ɗin ba za ta bambance ba.

Da an rufe a nan, wataƙila da an kwana lafiya. Amma Likita yana da wata cuta ta 'yan sana'arsa: ba ya iya mayar da murfi a kan gurbin da babu komai. Ya ga wurin ƙwaƙwalwa biyu ne, ɗaya a cike, ɗaya fayau tun ranar da aka ƙera ta. Hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

"Kada ka taɓa abin da shayi bai taɓa ba," in ji Hedimasta.

"Kyauta ce. Shekara nawa na'urar nan, baiwar Allah, tana tunani da rabin kai?"

Ya zazzage wani gwangwani na tsofaffin ƙwaƙwalen na'ura, ya gwada wata, tsagarta ba ta dace ba, ya gwada wata ta shige da ɗan ƙas. Har ya kai hannu zai zare wurin faifan sidi ya sa batir na biyu, Hedimasta ya riƙe masa wuyan hannu.

Uwargida ta dawo da hantsi, 'yar ta warware. Ta tarar da teburin tsaf, kofi can ƙarshen dama kamar wanda aka kora. Wannan kaɗai ya isa ya sa mace mai hankali zargi. Ta ajiye jaka, ta zauna, ta danna maɓalli, ta yunƙura za ta kicin. Kafin ta gama miƙewa na'urar ta yi 'yar waƙarta, ta buɗe ido tar.

Uwargida ta tsaya rabi a zaune rabi a tsaye.

"Malam."

"Na'am."

"Me ka ba ta?"

"Hutu ne ya karɓe ta. Ke ma kin yi kyau."

Ta koma ta zauna. Ta ɗora yatsunta a kan maɓallan tana kallon taga, yadda ta saba. Manuniyoyinta biyu suka yi ta lalube, hagu, dama, kamar mai neman takalmi a duhu. Ta buga layi ɗaya, ta duba: shirme ne zalla.

"Ina ƙurajena?"

"Waɗanne?"

"Biyun da nake gane gida da su. Duk kibod na duniya yana da su, don wanda ba ya kallo ya san inda zai ajiye yatsa. Nawa sun lotsa amma suna nan. Shekara da shekaru ban iya cinye su ba." Ta shinshina yatsanta. "Man gashin ƙanina. Wane ne ya riƙe samfefar?"

Hedimasta ya karanta jawaban manyan mutane da yawa a gaban shari'a. Babu wanda ya zo masa.

"Mun raba aikin," ya ce.

"Shayin da ya zube, da sukari ko babu?"

"Da shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko gam, ta ɗiga ɗigo biyu da tsinken ashana a inda ya kamata, ta hura musu iska. Sannan ta ɗauki littafin daular nan ta miƙa masa, ta bi da gilashin karatu, ta bi da kofin.

"Sauran ka kwashe a hankali, bayanka ba na yaro ba ne."

"Ƙwaƙwalwar da ƙaninki ya ƙara mata fa? In ce ya zo ya cire?"

"A bar ta. Ita ba ta yi laifi ba." Ta taɓa gam ɗin ta ji ya fara kamawa. "Sai dai yanzu ba ni da lokacin shiga kicin. Da jiranta nake yi. Ka san inda tukunyar take?"

Ya sani, sama-sama.

Yanzu da safe Hedimasta ne ke dafa shayi. Nata yakan tsaya daga nesa ya miƙa, ta shanye a tsaye ta ba shi kofin. Nasa yana ajiyewa a ƙasa, kusa da ƙafar kujerar bakin ƙofa, ya karkata littafi yana neman haske, yana jin ƙarar maɓallai kamar ruwan sama daga wajen taga. Likita bai sake zuwa gidan ba tukuna. Ya aiko a tambaya ko Yaya tana son batir na biyu.