Kwamfutar da Ta Koma Shekarar 2000

Kwana uku Muhibbat tana aika gyaranta ga wata manhajar kyauta da masu sa kai ke ginawa tare, amma na'urar da ke haɗa aikin kowa ta gwada sai ta nuna ja. In bai wuce kafin Juma'a ba, za a fitar da manhajar babu aikinta.

Baffa, mai shagon intanet ɗin hanyar Doma, ya leƙo. "Malama, kwamfutar nan fa da an ɗauke wuta agogonta yake komawa shekarar 2000."

Ashe saboda agogon, na'urar na ganin fayil ɗinta da kwanan watan 2000, sai ta zaci tsoho ne ta tsallake shi. Ta saita agogon, ta sake aikawa, sai ga kore.

"Baffa, zo ka gani, ya wuce!"