Matsamin Ya Kellu

Shekara goma sha ɗaya ina tsaron shagon mahaifina a bakin tashar Gure, garejin Ba Fannami yana fuskantata. Saboda haka in na ce na san mutumin, kada kowa ya yi mani gardama.

Garejin dai suna ne ya tara. Rumfar kwano ce, da benci, da akwatin ƙarfe. Abin da ke kawo motoci tun daga Kelle da Alakos kunnen tsohon ne. Ka kawo masa motar gazuwal, mai shan man dizal, sai ya ce ka tayar, ka ɗauke ƙafarka daga wuta, ka bar ta a ralanti, wato injin na juyawa shi kaɗai mota na tsaye. Sai ya ɗauko wani dogon ƙarfe, ya kafa bakinsa a jikin injin, ɗaya bakin a kunnensa, ya runtse ido ɗaya. Can sai ka ji ya ce, "Iska take sha ta tiyo," ko "Anjekter na uku ya gaji, ba ya fesa mai daidai." A kwance a tarar haka ɗin ne. Ga shi da baki kuma. Makanikan Zinder ma bai bar su ba, cewa yake yi su da ido suke gyara, shi ya sa sai sun zubar wa mota hanji kafin su gano ciwonta.

Matarsa, Ya Kellu, tana tuyar ƙosai a gindin bedi, wato bishiyar darbejiya, da ke gefen rumfar, daga fitowar rana zuwa hantsi. Tun kafin a haife ni take zaune a wurin, hayaƙin mai na shiga idonta, ƙarar injuna na shiga kunnenta.

Wajen shekarar casa'in da biyu kunnen Ba Fannami ya fara mutuwa. Bai gaya wa kowa ba. Kunnen nan shi ne sunansa, shi ne tuwonsa, in ya tafi babu abin da ya rage sai tsoho da ƙarfe a hannu. Ka gaishe shi da lafiyar gida, ya amsa maka da "rana kam ta yi zafi". Amma injin bai taɓa kuskure masa ba, abin ya ɗaure mani kai, har na zauna na sa ido.

Ashe Ya Kellu ce. In ya kafa ƙarfen ya runtse ido ɗaya, ɗayan idon yana kan gindin bedi. In numfashin injin na hawa yana sauka, sai ta ɗaga matsaminta sama ta saukar, sama ta saukar, kamar mai tsane mai. In ƙwanƙwasa yake yi, ta buga bakin kasko. In akwai wani siririn fito, ta shafi kunnenta. In lafiya lau ne, ta ci gaba da tuyarta. Ita ke ji, shi ke fassarawa, don duk da haka ba ta iya bambanta anjekter da fom mai turo mai ba. Na gani, na ja bakina na yi shiru. Har ina jin kaina wani mai wayo, ni kaɗai na riƙe sirri.

Da damanar casa'in da shida zazzaɓi ya kwantar da Ya Kellu. Kwana biyar ta yi. Rana ta shida muka kai ta makwancinta.

Ba Fannami bai buɗe gareji ba sai da aka yi sadakar arba'in. Ya fito ya rame, rigar aikinsa na lilo a jikinsa. Duwatsun murhu uku suna nan a gindin bedi, babu wanda ya iya ɗauke su.

Washegari da safe Abatcha ya zo. Direba ne na wata ƙungiya mai aikin rigakafi, kusan shekara ashirin yana kawo wa tsohon mota. Ya zo da sabuwar katkat fara, motar keta rairayi, irin masu injin da ba ya hayaniya. Daga shagona ina jin ta: sai ta ɗaga murya kamar an taka mata wuta, sai ta yi ƙasa har ka ce za ta mutu, sai ta sake ɗagawa.

Abatcha ya durƙusa ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce, yana buɗe baki sosai don a ga laɓɓansa, "Ba Fannami, gobe zan kwashi ma'aikata huɗu da allurai zuwa bayan Alakos. Rairayi ne, ka san hanyar. Ralantin nan bai kwanta mani ba."

Na san hanyar ni ma. In mota ta tsaya a can, sai ka yini ka kwana ba ka ga ko raƙumi ba.

Tsohon ya buɗe kapo, wato murfin injin, ya ɗauko ƙarfensa, ya kafa. Ya runtse ido ɗaya. Wallahi ina kallo ɗayan idon ya tafi gindin bedi da kansa. Ya tarar da duwatsu uku da toka.

Ya daɗe a sunkuye. Ya matsar da ƙarfen, ya sake kafawa. Ya sa tafin hannu a jikin motar ko girgiza za ta gaya masa wani abu, amma sabuwar mota ce, ba ta jijjiga irin ta tsofaffi. Da ya ce "iska ce, canza tiyo", ba mai ƙaryata shi a nan take, kuma sunansa ya kai gobe. Na ga bakinsa ya buɗe zai faɗa.

Sai ya miƙe, ya ajiye ƙarfen a kan benci.

"Abatcha," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda yake zato, "kai ta Zinder. Ba na ji. Shekara huɗu ba na ji. Kellu ce ke ji mani. Na yaudare ku duka, kowa ya yafe mani."

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu.

Abatcha ya faɗi wata magana a hankali, tsohon bai kama ba. Dole ya matsa ya sa baki a kunnensa ya ɗaga murya, har duk muka ji.

"Ba, ai mun sani! Duk shoferorin Gure sun sani. Ka taɓa ganin wani ya kawo maka mota bayan hantsi? Da Ya Kellu ta kwashe kasko muke bari sai gobe."

Ni da nake taƙamar sirri, kunya ta kama ni. Ashe tasha guda ke riƙe da shi.

"Ita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya," in ji Abatcha. "Ta ce duk wanda ya nuna maka ya gane, kada ya sake cin ƙosanta."

Ba Fannami ya zauna a kan benci kamar an tura shi. Ya kalli gindin bedin ya daɗe. Sannan ya kamo hannun rigar Abatcha.

"In na sunkuya a kan injin, nakan ga bakinta na motsi bayan ta yi mani alamar. Kullum. Na ɗauka da hayaƙi take faɗa. Me take cewa?"

Abatcha ya juyo ya dube ni, don ni ne mafi kusa da ita kullum. Na so in ce ban sani ba, amma na sani. Na tsallaka hanya, na durƙusa, na sa bakina a kunnensa. Maganar da ita take faɗa can ƙasa-ƙasa, ni sai da na yi ihu da ita a tsakiyar tasha.

"Cewa take yi, 'Sannu, maigida. Allah ya rufa maka asiri.'"

Bai yi kuka a gabanmu ba. Ni ne na yi. Ya gyaɗa kai sau biyu, ya tashi ya rufe kapon da hannunsa, a hankali, ya shafa shi. Motar tana nan tana hawa tana sauka, kowa a tashar yana jin ta ban da shi.

Abatcha ya kama hanyar Zinder kafin azahar. Ba Fannami ya sa ƙarfen a akwati ya kulle, bai sake buɗe shi ba. Amma bai daina fitowa ba. Kullum da sassafe zai zo ya zauna a gindin bedi, kusa da duwatsun, yana fuskantar rumfar. In hantsi ya yi ya tashi ya koma gida.