Wei Ya Kira Daga Bakin Rafi

Pao yana ɗaure ƙafafun agwaginsa a kasuwar Tra Linh da ke bakin iyaka, sai ƙasa ta girgiza da ƙarar manyan bindigogi. Mai sayar da taliya ta bar tukunyarta a kan wuta ta ruga. Sojojin Sin sun tsallako iyaka, mutanen da shekaru kaɗan baya suke aiko da shinkafa da harsashi, ana yi musu waƙar 'yan'uwantaka a makaranta.

Kafin rana ta take, ƙauyensu duka ya tattare a kogon da ke bayan tsauni, wanda ba a ganin bakinsa sai an kusa taka shi. Mata suka toshe bakin jarirai da nono. Shugaban ƙauye yana ta rarrashin jama'a.

"Ku kwantar da hankalinku. Babu baƙon da ya san wurin nan."

Diem, matar Pao, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Tsoho, ka ji abin da ya ce? Wei fa?"

"Wei ba baƙo ba ne."

"To, ɗan gidanmu ne, ko? Uwarka ce ta haife shi a ƙetaren iyaka?"

Wei mai maganin gargajiya ne daga can ƙetare. Tun suna samari shi da Pao suka yanka zakara, suka sha jininsa cikin giya a gaban kakanni, suka zama 'yan'uwan rantsuwa. A wajen mutanen tsaunin nan, wanda ɗan'uwansa na rantsuwa ya kira ya ƙi amsawa, zuriyarsa ba ta ganin alheri. Kuma a bakin wannan kogon suka sha tonon saiwoyi tare.

Da la'asar jikar Pao, Lan, ta fara tari. Diem ta danna fuskar yarinyar a ƙirjinta har ta daina motsi sosai. Sai ga murya daga ƙasa, wajen rafi.

"Pao! Yayana! Ni ne Wei!"

Muryar tana rawa. Bayanta akwai takun takalma masu nauyi, ba na mutum ɗaya ba. Tsoro ya kama Pao, tausayi kuma ya fi tsoron yawa, don ya san bakin bindiga ne a ƙeyar Wei.

"Wallahi ka buɗe baki sai na shaƙe ka," Diem ta raɗa masa.

"Bai hawo ba, uwar gida. Ya san hanya sarai, amma ya tsaya a rafi yana ihu."

"Sai me?"

"In ban amsa ba, za su sa shi ya hawo."

Ya zare hannunta daga rigarsa a hankali. Ya bi ta ƙaramar kafar da ke bayan kogon, ya gangara da rarrafe cikin ƙaya, gwiwoyinsa na ciwo, ya zagaya har gonar masarar da ke ɗaya gefen kwarin, inda babu kowa sai karan bara.

"Yayana!" Wei ya sake kira, kamar zai yi kuka.

Pao ya miƙe tsaye a tsakiyar gona, ya kakkaɓe wandonsa, ya juya wa tsaunin baya.

"Ga ni nan, ƙanena," ya ce da iya ƙarfinsa. "Ni kaɗai na rage. Kowa ya gudu kudu tun safe."

A cikin kogo Diem ta ji takun takalman yana yin nisa. Ba ta saki kan yarinyar ba.