Mai Burodin da Ke Cikin Zanen

Shekara ashirin ina gyaran tsofaffin zane-zane a Alƙahira, amma waɗanda Turawa suka zana game da mu ba su taɓa burge ni ba. In ba mai wasa da maciji ba, to mata ne a kwance ana musu fifita, sai ka ce ba mu da aikin yi. Shi ya sa ranar da Hajiya Insaf ta kawo min wani da ta gada wajen kakanta, aikin wani ɗan Italiya, duk hayaƙi ya dishe shi, na karɓa ne kawai don kunyarta.

Sati uku ina goge shi da auduga. A hankali lungu ya bayyana. Ga wata mata ta zuro kwando da igiya daga taga, mai sayar da wake a gefen jakinsa ya ɗaga kai yana mata tsiya. Ga kuma mai tallar burodi, faifai a ka, yana ratsa mutane.

Ran nan babana, Ashur, ya biyo ta shagon. Shi ma burodi ya yi talla har gwiwoyinsa suka gaza. Ya tsaya gaban zanen, shayinsa ya huce a hannu.

"Widad, wa ya yi wannan?"

"Wani Bature ne, Baba. Ya fi shekara ɗari da mutuwa."

"Dubi gammon nan. Ya karkata hagu, don mutumin zai sha kwana. Dubi wuyansa, bai motsa ba, idon ne kawai ke yawo. Haka muke yi! Wallahi Baturen nan ya zauna a rana ya kalle mu da kyau."

"To jakin fa?"

Ya matso, ya yi tsaki. "Jakin dai ya cika ƙiba. Wannan na gidan Basha ne, irin na masu mulki."

Na yi dariya har da hawaye. Sai ya nuna wata ƙofa mai dutse ja da fari, ya ce ya san ta, a unguwar Darbul Ahmar take.

Ranar Juma'a muka tafi, yana dogara sanda. Sau biyu muna ɓata kafin mu same ta. Yanzu mai gyaran waya ne a wurin. Baba ya sa na nuna masa hoton zanen, mutumin ya kira maƙwabta, aka fito mana da kujeru. Har la'asar ana gardamar gidan wa matar kwandon take.