Ɓerayen Gonar Boaz

Clara na tsinkar yakuwa a bakin gonarsu da ke Fadan Kagoma kububuwa ta sare ta a idon ƙafa. Babanta Boaz ya ɗora ta a mashin sai asibiti a Kafanchan. Ta rayu, amma ƙafar ta daɗe a kumbure.

Tun daga ranar Boaz ya ƙi jinin duk abin da ke jan ciki. Ya banka wa ciyawar bakin rafi wuta, kowane maciji ya fito ya bi shi da adda, mai dafi da marar dafi. Har tsohuwar ɗorawar da shaho ke sheƙa a kai ya sare, wai ya gaji da asarar 'yan tsaki. Ba wanda ya ce masa don me. Kowa ya ga yarinyar a kwance.

Da damina ta zagayo, gyaɗa ta yi kyau a ido, amma in ya tuge sai ɓawo. Masara kuwa tun tana tsaye aka gwaguye ta. Ramukan ɓeraye ko'ina.

Ranar Lahadi bayan sujada, yayarsa Miriyam, mai koyar da ilimin halittu a kwalejin garin Gidan Waya, ta bi shi gonar. Ta daɗe tana kallon kunyoyin.

“Yaya, hannu aka sa mini,” in ji Boaz.

“Ba wanda ya sa maka hannu, Baban Clara. Masara daga rana take samun ƙarfinta. Ɓera ya ci masara, ƙarfin ya koma jikinsa. Maciji da shaho kuma su ci ɓera. Maciji ɗaya sai ya haɗiye ɓeraye da yawa kafin ya ƙoshi, don ƙarfin da ke isa gare shi kaɗan ne. Yanzu masu cin ɓera ba su nan, shi kuma yana ta haihuwa.”

Boaz ya jefar da zangarniyar da ke hannunsa. “To in bar macizai su kashe mini yarinya?”

Miriyam ta dafa kafaɗarsa.

“Da ni ce, da na yi abin da ka yi. Share kewayen gida tas, ka saya wa yara takalmin roba mai tsawo. Bakin rafi dai ka bar musu.”

Cikin makon ya kafa dogayen sanduna a gonar don shaho ya samu wurin sauka, ya kuma dasa ɗorawa kusa da kututturen wadda ya sare.

Girbin shekarar bai cika rabin rumbu ba. Matan zumunta na coci suka kawo acca da dawa, Miriyam ta aiko da buhun masara. Da rani ya shigo, maƙwabta suka zo neman Boaz a je ƙonon daji. Ya ce su je, amma kada wutar ta taɓa rafinsa, ya ɗauki ɗanyen reshe ya tsaya gadi a kan iyaka har wutar ta mutu.