Uwaisu Ya Je Kaduna Kallon Wasa

A damina ta farko bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula ne inji ya cinye wa Uwaisu yatsun hannun dama. A wani kamfanin roba yake aiki a Sharada, inda ake buga butoci da bokitai. Shekara da shekaru su biyu ne a kan inji ɗaya, shi da Ishaya, wani mutumin Kudancin Zariya da iyayensa ke zaune a Kakuri ta Kaduna. Uwaisu ne a bakin inji yana kwashe kaya, Ishaya kuma a gefe wajen abin dannawa. Ran nan wuta ta ɗauke, wata buta ta maƙale a ciki, Uwaisu ya zura hannu zai ciro ta. Wuta ta dawo, Ishaya ya danna bai leƙa ba. Babban yatsa ne kaɗai ya tsira.

A asibiti mutane suka yi ta zuwa sannu, kowa yana cewa Allah ya sa kaffara ne, Uwaisu yana amsawa da amin. Ishaya kuwa kullum yana nan. Ran farko ya durƙusa a gaban gado yana kuka kamar yaro, Uwaisu ya ce masa ya tashi, ya yafe. Ba ƙarya ya yi ba, amma maganar ta fito ne kamar yadda ake amsa gaisuwar safe. Da aka sallame shi ya koma gidansa a Ɗorayi, kamfani suka aiko cewa idan ya warke za su ajiye shi a bakin ƙofa, ya riƙa buɗe wa motoci. Ya ce to. Abokai suka zuga shi ya yi fushi, ya ce to. Limamin unguwa ya yaba haƙurinsa a gaban jama'a, nan ma to ɗin ya ce. Shi dai abin da ya sani, tun daga ranar duniya ta koma masa kamar mutumin da ruwa ya shiga kunnensa: yana jin komai, amma daga nesa.

Wata Alhamis da yamma Ishaya ya zo ya same shi a kan benci a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Ƙanwarsa Saraya za ta fito a wani wasan kwaikwayo ranar Asabar a Kaduna, ya aro tsohuwar Fijon kawunsa, kuma mahaifiyarsu ta matsa tana son ta ga Uwaisu da idonta. Za su kwana ɗaya, idan an tashi daga sujada a majami'a ranar Lahadi su kamo hanya. Uwaisu yana ta kallon wata akuya da ke lasar bangon makwabta. Matarsa Zaituna ce ta yi magana daga bayan ƙyaure, ta ce ai kuwa Malam zai je. Ta gaji da ganinsa yana wuni yana kallon bango, kuma ba ta ɓoye ba.

Suka tashi ranar Asabar da hantsi. An yi ruwa da asuba, kwalta tana sheƙi, dawa ta kai kafaɗar mutum dama da hagu. Ishaya yana tuƙi yana surutu ba ƙaƙƙautawa: labarin sabon yaron da aka haɗa shi da shi a kan inji, da na wani fomen, shugaban leburori, da ya faɗa kwata da babur, da yadda Saraya tun tana ƙarama take kwaikwayon tafiyar kowa a gida. Duk inda ya kai ƙarshen labari sai ya saci kallon Uwaisu. Uwaisu ya ɗora hannun a kan cinya, naɗe da farin hankici, yana kallon gonaki suna wucewa.

A Kwanar Ɗangora suka tsaya cin abinci a wata rumfa. Aka kawo shinkafa da miya. Uwaisu ya ɗauki cokali da hagu, shinkafar tana zuba a rigarsa kafin ta kai baki. Wani direban babbar mota da ke zaune a gefe ya ɗago zai yi magana kan ci da hagu, sai idonsa ya faɗa kan hankicin, ya ce sannu, ya mayar da kai ga kwanonsa. Ishaya ya ajiye nasa cokalin, bai ƙara ko loma ɗaya ba. Uwaisu ya cinye tas. Bai san ko da gishiri a miyar ba.

Azahar ta same su a Zariya. Uwaisu ya ɗauki buta a bakin wani masallaci na gefen hanya, ya juya gindinta don sabo, ya ga tambarin kamfaninsu. Ya tsuguna yana neman yadda zai riƙe ta ya kuma wanke hannun da ke riƙe da ita. Ishaya ya fito daga mota, ya karɓi butar, ya tsuguna yana zuba masa ruwa. Bai san tsarin alwala ba, sai Uwaisu ya riƙa ce masa zuba, tsaya, zuba. Ruwa yana ta fantsama a takalman su duka biyu.

Suka shiga Kaduna ta Kawo ana kiran la'asar. Bayan Uwaisu ya yi salla suka wuce kai tsaye ɗakin wasan, wani babban zaure mai kujerun ƙarfe da fankoki a sama, rabinsu ba sa juyawa. Wurin ya cika da ma'aikata da ɗalibai da mata masu goyo. Uwaisu ya sha jin irin wannan wasa a rediyo, amma bai taɓa zama ya ga an ja labule mutane sun fito a gabansa ba.

Wasan na wani tela ne da ya karɓi ɗinkin salla na unguwa guda, ga shi ana gobe salla bai yanka ko ƙyalle ba. Duk wanda ya zo karɓar kaya sai telan ya shige ƙarƙashin tebur, matarsa ta ce ya tafi jana'iza. Saraya ce ta fito a matsayin wata uwar amarya mai faɗa, da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo fanka. Ta zauna a kan teburin ta ce ba za ta tashi ba sai an dawo daga jana'izar, ta buɗe ƙullin gyaɗa tana ci tana watsa ɓawon a ƙasa, daidai fuskar telan. Zauren ya kece da dariya. Wani mutum a gaban Uwaisu har da dukan kujera. Uwaisu ya fahimci komai, ya san inda abin dariyar yake, ya ga ya zo ya wuce.

Da aka rufe labule jama'a suka miƙe suna tafi. Shi ma ya miƙe, hannuwansa suka ɗago da kansu suka haɗu. Ba ƙara. Tafin hagu ya bugi hankici, wani zafi ya harba masa har gwiwar hannu. Ya tsaya yana kallon hannuwan nasa a cikin hayaniyar, sannan ya sauke su. Ishaya da ke tafi da ƙarfi yana kiran sunan ƙanwarsa ya waiwayo ya gani, sai ya daina, ya zura hannuwansa a aljihu.

A gidan su Ishaya a Kakuri, mahaifiyarsu, wata gajeriyar tsohuwa mai furfura da kowa ke kira Mama, ta tarbe shi da sannu da zuwa ba iyaka. Ta sa an sayo kaza, ta aika aka kira wani makwabci Musulmi ya yanka, ta tabbatar Uwaisu ya ji an yi hakan. Aka share masa ɗakin Ishaya, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka nuna masa gabas. Duk hidimar nan Mama ba ta kalli hannun ba ko sau ɗaya. Fuskarsa take kallo, ko ƙasa.

Da safe suka tafi majami'a. Ishaya ya ce idan yana so ya zauna a gida su dawo su same shi, Uwaisu ya ce zai bi su, ya jira a waje. Aka ajiye motar a ƙarƙashin wani mangwaro a gefen fili, ya buɗe ƙofa ya zauna ƙafafunsa a ƙasa. Majami'ar ta bulo ce da rufin kwano, tagogi a buɗe. Ya ji an fara waƙa da Hausa, matan zumunta suna buga tulu da kacau-kacau, muryar Mama tana fita sama da ta saura. Daga baya fasto ya yi doguwar magana da ba ya jin kalmominta. Can sai ya ji an ambaci sunansa. Sarai ya ji shi, Uwaisu, a bakin mutumin da bai taɓa gani ba, jama'a suka amsa da amin gaba ɗaya. Ya duba ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Wani ɗanyen ganye ya faɗo a kan gilashin mota, ya sa hannun hagu ya ture shi.

Da aka tashi, mutane suka nufo motar. Maza suna zuwa da hannu a miƙe, sai su tuna a rabin hanya, su dafa ƙirji su ce sannu, Malam. Mata suna rusunawa daga nesa. Mama ce ta zo a ƙarshe, sanye da zanen zumunta, gumi a goshinta. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Ɗana, ka bari in gani."

Ya warware hankicin. Wurin ya warke, fatar ta haɗe tana ƙyalli, babban yatsan yana tsaye shi kaɗai. Ta riƙe hannun da hannuwanta biyu, ta daɗe tana kallo, hawaye suna bin kumatunta ba ta share ba.

"Yana ciwo har yanzu?"

"Ba sosai ba, Mama. Ƙaiƙayi yake yi. A yatsun da babu."

Ta sa farcenta tana sosa masa bakin tabon a hankali, tana tambaya ko nan ne, ko nan. Ba nan ba ne, amma ya ce mata nan ne. Ta ce yaron nan nata tun ranar ba ya barci, ta ce ta sani ba a mayar da abin da ya tafi, ita dai tana roƙo. Uwaisu ya ce wallahi ya yafe tun a asibiti, ku daina kuka, Mama. Ta naɗe masa hankicin da kanta, ta ɗaure shi fiye da yadda Zaituna ke ɗaurewa. Ta cika bayan motar da doya da citta da gwangwanin zuma na kai wa iyali.

Sun wuce Jaji kaɗan, hadari yana haɗuwa a gabas, sai Ishaya ya sauka daga kwalta ya kashe mota. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai kalli Uwaisu ba. Ya ce zai ajiye aikin, ba zai iya ci gaba da tsayawa a gaban injin nan ba, balle a ce kullum da safe Uwaisu ne zai buɗe masa ƙofa.

"Ka zage ni mana," in ji shi. "Ko ka mare ni. Wannan to ɗin naka shi ke kashe ni."

Uwaisu yana son ya ba shi amsar gaskiya. Ya laluba cikinsa ko zai sami fushi, kamar mai neman abu a ɗaki ba fitila.

"Na duba, Ishaya," ya ce. "Ban samu ba. Da akwai da na ba ka."

Ishaya ya kifa kai a kan sitiyari. Motoci suna wucewa suna girgiza tasu. Uwaisu ya jira har kafaɗun abokin nasa suka daina rawa, sannan ya ce ya ja mota, kada ruwa ya tare su kafin Zariya. Ruwan ya tare su duk da haka, suka yi ta tafiya a hankali, abin share gilashi guda ɗaya ne ke aiki.

Suka iso Ɗorayi ana shirin magariba. Yara suka kwashe doya, Zaituna ta kawo ruwa tana tambayar yaya Kaduna. Ya ce lafiya. Ta ce wasan fa? Sai ya zauna ya ba ta labarin tela tun daga farko, da murya ɗaya ba hawa ba sauka, har zuwa wajen ɓawon gyaɗa. Zaituna ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce ya sake faɗa mata wajen jana'izar. Ya sake. Yana faɗa yana kallon bakinta.

Ishaya bai ajiye aiki a watan nan ba. Sai bayan kaka ya sami wuri a wani kamfanin jima a Challawa, ya koma Panshekara da zama. Uwaisu kuwa ya kama aikin ƙofa ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan tafiyar. Aka ba shi kujera da rumfar kwano da wata tsohuwar rigar ruwa. Ƙofar tana da nauyi, amma ya gano idan ya sa kafaɗa tana tafiya.